Maganar da za ki yi in kun kai Safiya

Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum Hadiza.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Sani da yaran. Allah Ya sa takardar nan ta iske ku lafiya, Ya tsare ku a Tsafe kamar yadda Ya tsare ku a nan, Ya sa baƙuntar ta zo muku da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Ba labarin gida na zauna rubutawa ba, in kin zo kya gani da idonki. Rubutun kuma kin san nawa, na ajin yaƙi da jahilci ne, inda kinka ga ya karkace ki miƙe shi da kanki, ai ke ce malama.

Ga abin da ya sa. Gwaggonku Asabe tana cikin takaba, ba ta fita. Da ita ce za ta kai Safiya ɗakinta a Rawayya ta yi magana a madadinmu. Ni kuwa ba ni zuwa. Tun da ƙanwata ta rasu ta bar ta tana rarrafe ni ce uwarta, kuma uwa ba ta kai ɗiya. Na kai ɗiyan mutane har ban san iyaka ba, wagga ɗaya ce ba ni da baki a kanta. Da munka zauna da Babanku ya ce sai ke. Na ce Hadiza ta cika dogon bayani. Ya ce, wa ta gado?

To ke ce za ki miƙa amana. Kin sha ganin ana yi, amma daga bakin ƙofa kike gani, kina cikin ƙawaye kuna dariya. Zama a tsakar ɗaki mata sun yi shiru suna jiran bakinki wani abu ne daban. Abin da kinka faɗa a nan, da shi za su fara kallon yarinyar, ke ki shiga mota ki dawo, ita ta zauna da shi. Shi ya sa zan gaya miki inda ni na yi tuntuɓe, don ba ni da wani karatu da ya wuce wannan.

Na farko a Magami ne, ke kina goye a bayana. Ɗiyar maƙwabciyarmu munka kai, wadda za ta yi maganar muryarta ta dushe a hanya, anka ce Indo ke ce mai baki, ki yi. Na ji daɗi ƙwarai, ban ɓoye miki ba. Munka shiga, ɗaki cike. Na hango wata mata can ƙurya, furfura ta leƙo ta gefen kallabi, ta sunkuyar da kai. Na ce a raina wagga ce kakar ango. Kin san wasan da ake da kaka, jikanta mijinta ne. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Tsohuwa, sai haƙuri, ga wadda ta ƙwace miki mijin mun kawo. Ki tattara tabarmarki."

Ba wadda ta yi dariya. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta fita. Wata kusa da ni ta matso ta ce a hankali, "Baiwar Allah, uwar ango ce fa. Ɗan farinta ne."

Ke kin san mi ke nan. Matar da ko sunan yaron ba ta taɓa kamawa ba tun da ta haife shi, wadda ma da ƙyar anka jawo ta ta zauna a ɗakin, ita na kira matar ɗanta a gaban surukanta. Ni kaina har yau kin taɓa jin na kira sunan wancan yayan naku na Funtuwa? Sauran maganar ban san yadda na ƙarasa ta ba. Kakar ta gaske ashe tana kusa da ƙofa, 'yar ƙarama, baƙin gashinta ya fi nawa. Ita ta ce, "Ni ce mai mijin, kin ɓata harsashinki." Sannan anka ɗan yi dariya, ta fid da ni. Amma yarinyar da munka kai ta daɗe uwar mijinta ba ta sake da ita ba, don duk ta gan ta sai ta tuna.

Saboda haka kada ki buɗe baki sai kin san wa ke wa. In kun sauka, ki samu wata daga cikin gidan ki tambaye ta, wace ce uwa, wace ce gwaggo, wace ce kaka, wa zai karɓi amana. Ba abin kunya ba ne. Na riga na bincika miki kaɗan. Bello, angon, shi ma ɗan fari ne, don haka uwarshi ba za ta amsa miki ba, kada ma ki dube ta da magana, ki gaishe ta kawai ki wuce. Wadda za ta karɓa ƙanwar ubanshi ce, Iya Dije, doguwa mai tasbaha a wuya, ta zo nan ranar kawo lefe. Ita za ki fuskanta. Wasa kuwa ki bar shi sai in su sunka fara. In kaka ta tsokane ki, ki rama sau ɗaya ki tsaya.

Na biyu ya fi wannan tsada, kuma kin san mai shi. Talatu, ɗiyar wan Babanku, da ke aure a Bungudu. Kin taɓa tambayata mi ya sa mutanen gidansu ke ce mata Ruwan Zafi, na ce miki oho. To ni ce.

Ai kin san yadda ake cewa, yarinya ce, ba ta san komai ba, ku koya mata. Kowa na faɗin haka, kowa ya san kara ce, ba wanda ke ɗauka da gaske. Ni kuma lokacin na fara suna, ana cewa in Indo ta yi magana sai an yi dariya. Sai na ƙara gishiri. Na ce, "Wagga da kuke gani ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, in kunka ce ta ɗora, ku tsaya kusa kada ya ƙone." Ɗaki ya ɗauka. Har da masu riƙe ciki. Na fito ina jin na yi abin kirki.

Talatun da tun tana 'yar talla take matse gyaɗa ta fid da mai, ƙuliƙulinta har daga Sabon Gari ake aikowa saye. Washegari wata facalarta ta leƙa ɗaki ta ce, "Ruwan Zafi, an tashi lafiya?" Shi ke nan. Yau ɗiyanta sun yi aure, jikokinta na jin ana kiran ta haka. In tuwonta ya yi kyau sai a ce yau Ruwan Zafi ta yi sa'a. Bara da munka haɗu wurin suna, muna wanke hannu a kwano ɗaya, ta ce mini, "Inna Indo, sunan da kinka raɗa mini ya fi na liman kama ni." Tana dariya ta faɗa. Na ce, "Ai da ki ce musu ƙarya nike." Ta ce, "Amarya na magana?"

Amarya ba ta magana, Hadiza. Tana ƙarƙashin mayafi, ba ta iya cewa ba haka ba ne. Duk abin da zai ba mutane dariya a kanta, ki haɗiye shi, komai daɗinshi. In dariya kike so, ki yi ta a kanki ko a kan direban da ya kawo ku. Mutanen babban gida ba su mance kalma. Kalma ɗaya mai daɗin maimaitawa ta ishe su shekara da shekaru.

Bayan wannan sai na koma ɗaya gefen, na ce daga yau yabo kawai. Nan ma na faɗi. Mairo ta gidan Alhaji mai goro, munka kai ta wani ƙauye bayan Tsafe. Yarinyar tana da asma, in hayaƙin ɗanyen icce ya buge ta numfashinta sarƙewa yake. Uwarta ta ja ni gefe kafin mu tashi ta ce, "Indo, ko za ki ɗan taɓa musu zancen ƙirjin nan?" Na ce, "Haba, ranar farin ciki a kawo zancen ciwo? Bari dai." Na je na ce musu mun kawo mace mai ƙwazo, ba ta san gajiya ba, aikin gida ba ya gagarar ta. Gida ne na gandu, tukunya ɗaya, mata na karɓar girki bi da bi. Ranar girkinta ta farko ta fito daga madafa tana haki ta zauna ƙasa. Ta biyu haka. Sunka ce 'yar birni ce, ƙyuya ce, ai wadda ta kawo ta da bakinta ta ce ba ta san gajiya ba. Kafin lokacin girbi ta dawo gida da ƙullin kayanta. Sai da Alhaji ya tahi da kanshi ya zauna da dattawan, ya yi bayanin da ni ya kamata in yi tun farko, sannan ta koma, anka bar mata daka da ɗiban ruwa, wasu na hura wuta. Suna nan lafiya yanzu. Da na faɗa wa mutum ɗaya a ranar, da ba a kai nan ba.

Kin ga inda na nufa. Kunnen Safiya.

Ke kin sani, tun ƙyandar da ta yi tana ƙarama kunnenta na hagu ba ya ji. Mu a gida mun saba har mun mance, kowa ya san ta dama ake zo mata, ko a taɓa kafaɗarta. A waje ba wanda ya lura, don ba ta da yawan magana, kuma tana kallon bakin mutum. Bello ya sani, Babanku ya gaya mishi tun zuwanshi na biyu, ya ce ba komai. Amma Bello gona zai tahi da safe. Waɗanda za ta wuni da su mata ne, gida babba, tsakar gida mai faɗi, ana kiran mutum daga can bakin rumbu. Uwar miji ta kira sau ɗaya, sau biyu, yarinya na tsaye ta ba ta baya ba ta waiwayo ba. Mi za a ce? Raini. Kuma in anka fara ce wa amarya mai raini, ko daga baya an gane dalili, abin ya riga ya zauna a zuciya.

In kuma kinka tashi a tsakiyar taro kinka ce jama'a ku yi haƙuri kunnenta ɗaya ba ya ji, kafin ku kai bakin titi ta zama Kurma. Ta tahi a haka har jikoki, kamar Talatu.

Na yi mata zancen shekaranjiya, muna tsintar shinkafa. Na ce, "Safiya, za a gaya musu." Ta ce, "Inna, don Allah a bari." Na ce, "In an bari, ranar da surukarki ta kira ki ba ki ji ba fa?" Ta ci gaba da tsinta, har da shinkafar kirki take zubarwa. Can ta ce, "To kada a faɗa ina wurin. Kuma mutum ɗaya." Na ce na ji. Alkawari na yi mata, kuma ke ce za ki cika shi.

Ga yadda za ki yi. Mun ce motoci su tashi da azahar, saboda wahalar man nan ba a san inda za a tsaya ba, kuma ina so ku dawo da sauran rana. Za ku isa wajen la'asar. Kafin a taru a ɗaki akwai ɗan hargitsi, ana shigar da amarya, ana kawo ruwa, yara na guje-guje. A nan za ki je wurin Iya Dije da kanki ki ce, "Iya, a taimaka mini da buta." Ba za ta aiki yaro ba, baƙuwa ce ke kuma babbar yaya, da kanta za ta kai ki. In kun keɓe ki durƙusa ki gaya mata. Kada ki yi doguwar shimfiɗa, kada ki yi fuskar ta'aziyya, ba mutuwa anka yi ba. Ki ce, "Iya, Innarmu ta ce in gaya miki ke kaɗai. Safiya ta yi ƙyanda tana ƙarama, kunnenta na hagu bai ji sosai. In an kira ta ba ta amsa ba, ba raini ba ne, a zo mata ta dama. Ta ce ke za ki san yadda za ki yi da shi." Ki tsaya nan.

Wannan na ƙarshen kada ki bar shi. Tsohuwa in kinka ba ta abu kinka ce ita kaɗai, ta riƙe shi kamar nata. Ita za ta gaya wa uwar Bello a lokacin da ta ga ya dace, da kalmar da ta dace, ta fi mu sanin gidansu. Ranar lefe na lura da ita, wata yarinya cikinsu ta fara zancen ramar amarya, kallo ɗaya ta yi mata ta yi shiru. Irin ta ake ba.

In ta ce mi ya sa ba a faɗa ba tun farko, ki ce an gaya wa ango, kada ki ƙara. In ba ki samu keɓewa da ita kafin magana ba, ki samu bayan magana, ko da mota na yi miki ham. Kada ki baro Rawayya da zancen nan a bakinki.

Sai maganar cikin ɗaki. Ba aji ba ne, kada ki miƙe tsaye, kada ki ce na ɗaya na biyu. Ki zauna a tabarma ki tanƙwashe ƙafa. Yanzu an fara yayin lasifika da mai ɗaukar bidiyo, tun da Gusau ta zama babban birni kowa so yake a gan shi a kaset. In sun kawo, ki ce muryarki ta isa. Na riƙe abin nan sau ɗaya a bikin gidan Hajiya Luba, na ji muryata na fita ta bayan gida, sai na kama wa'azi, har abinci ya huce. Kaset ɗin na nan, duk sallah sai sun sa, in an zo wurina sai su tura gaba. Jikanta ya gaya mini.

Ki yi sallama, ki gaida manya, ki gode da tarba. Sannan ki ce wani abu kamar haka, ba sai kin haddace ba. Ga Safiya mun kawo, amana ce daga hannun iyayenta zuwa hannunku. Yarinya ce mai haƙuri, ba ta da yawan magana. Abin da ta iya za ku gani, abin da ba ta iya ba ku koya mata yadda za ku koya wa taku. In ta yi kuskure a zaunar da ita a gaya mata, tana jin magana. Sai addu'a. Iyakarta ke nan. In kinka ji kamar ya yi kaɗan, to ya yi daidai.

Kada ki lissafa kayan ɗaki, suna da ido. Kada ki ce a gidanmu kaza muke yi. Kada ki ce marainiya ce a tausaya mata, ba ta taɓa kwana da yunwa ba, kuma tausayi ba ya daɗewa, abin da ke biyo bayanshi ba shi da daɗi. Mahaifiyarta ki ambace ta sau ɗaya cikin addu'a, Allah Ya ji ƙanta, ki wuce da sauri, in kinka tsaya nan kuka zai ƙwace miki, kuma in kin fara duk ɗakin ya ɗauka, maganar ta watse. Ki ci abinci kafin ku tashi. Mai jin yunwa ko ta yi gajeren haƙuri ko ta yi dogon zance. In Iya Dije ta amsa ta ce sun karɓa, ki ce mun gode, kada ki sake ɗora wani abu a kai. Maganar ƙarshe tasu ce, gidansu ne.

Ƙawayen amarya za su so su yi ta surutu da abokan ango, wannan ba ruwanki, ki bar su, ki dai ce su rage kafin magariba.

Saura abu ɗaya. Lokacin da za a zaunar da ita a tsakar ɗakin, mata ne za su kama ta su ajiye inda sunka ga dama, ita kuma fuska a rufe, ba ta ganin bakin kowa. Ki lura. Ki zagaya ki zauna a damanta, kusa, gwiwarki na taɓa tata. In wata ta riga ki zama nan ki ce ta ɗan matsa. Ni ba zan iya ce mata komai ba ranar, in sun zo fita da ita ɗaki zan shige, kin san yadda ake. Shekarun nan duka ban taɓa ce mata tana da haƙuri ba, ba a faɗa wa ɗa haka. Abin da za ki faɗa a Rawayya shi ne abin da gidansu ya ce a kanta, kuma sau ɗaya ake faɗinshi. Ina so ta ji.

Ki zo tun ranar Alhamis in shugaban makarantarku ya bari, akwai lalle. Ki taho mini da daddawar Tsafe in kin samu mai kyau.

Allah Ya kawo ku lafiya, Ya kai ku Rawayya lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare baki, Ya ba ta zaman lafiya a inda za ta. Ya yi muku albarka ke da ɗiyanki. Babanku na gaishe ku.

Innarki,
Indo